Kiran bidiyo da likita: ya wadatar wa tsohuwa mai hawan jini?

Telan Ƙofar Doka ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu, ko wanda ya taɓa gwada abin da zan faɗa. Ku yi haƙuri, zancen zai ɗan yi tsawo.

Mahaifiyata, Inna, ta haura saba'in. Shekara tara ke nan tana fama da hawan jini, shekara uku da suka wuce kuma suga ya shigo. Katinta yana asibitin koyarwa na Shika, ni nake kai ta duk ranar da aka ba ta, don cikin 'ya'yanta maza ni kaɗai na rage a gari. Wanda ya san Zariya ya san tafiyar: mu fito ta Ƙofar Doka, mu ratsa Tudun Wada, mu haye gadar Kubanni, sai PZ, sai Kwangila, sannan mu miƙe titin Samaru har Shika. Ba ni da ƙorafi a kan likitocin can, suna iya ƙoƙarinsu. Hanyar ce da jikin tsufa. Gwiwoyin Inna ba sa barin ta ta hau bas, sai na yi shatar keke, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin shata ya zama abin da sai na zauna na yi lissafi. Ranar asibiti shagona a rufe yake wuni. In ranar ta faɗo gab da salla, ɗinkin mutane jibge a kan tebur, to ba a magana.

Watan jiya ƙafafunta suka fara kumbura, saura mako biyar ranar ganin likitanta. Ƙanwata da ke aure a Abuja ta ce me zai hana a gwada likitan waya, su a can haka suke yi wa yara. Ta turo min wata manhaja, ta biya naira 5,000, aka ba mu lokaci ranar Laraba bayan la'asar.

Tun daga farko muka fara cin karo. Ɗakin Inna tsohon ginin ƙasa ne, kaurin bangon ya kai kamu guda, sabis ba ya shiga ko kaɗan. Dole muka fito da ita tsakar gida, aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Gidanmu kuwa gidan yawa ne. Kafin likita ya ɗauka, matan gida uku sun bar surfe sun matso, yara sun yi mana zobe, kowa na son ya leƙa ya ga likita a cikin waya. Da fuskarsa ta fito, wani matashi ne mai farin gilashi, Hausarsa tas, sai Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, ina aiki, ya mutanen gida. Ni ina riƙe da waya ina tunanin data. Ya tambaye ta me ke damun ta, ta ce lafiya lau, alhamdulillahi. Matar da ta kwana tana nishi! Sai da na sa baki.

Ya ce nawa jininta yake yau. Ba mu da abin awo. Aka aika yaro maƙwabta ya aro wani da ake ɗaurawa a tsintsiyar hannu, ya nuna 168/96. Likitan ya ce bai cika sakin jiki da irin wannan ba, ya fi son na damtse, amma da babu gara ba daɗi. Ya ce a nuna masa ƙafar. Nan ma wata sabuwa: an yi bikin jikarta makon da ya gabata, ƙafar ta sha lalle har idon sawu, baƙi wuluk. Ya ce ta buɗe tafin hannu ya ga ko akwai alamar ƙarancin jini, nan ma lalle. Ya yi dariya, ya ce to in danna babban yatsana a ƙaurinta in ƙirga biyar in ɗaga. Na danna, na ɗaga, wurin ya lotsa kamar an danna tuwo mai ɗumi. Daidai nan hoton ya tsaya cak, likita ya daskare da baki a buɗe. Sai da muka sake kira har sau biyu.

Amma ga abin da ya hana ni yin watsi da lamarin gaba ɗaya. Da ya dawo sai ya ce a kawo masa duk wani magani da ke ɗakinta, ba wanda asibiti ya rubuta kaɗai ba, duka. 'Yata ta shiga ta ɗauko wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado. Ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana karantawa. Ga amlodifin na hawan jini, ga metfomin na suga. Sai ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a farar leda, irin haɗin da ake saya a kemis na ciwon jiki, da wani kati da aka ɓalle rabinsa. Ya ce in matso da shi. Diklofenak ne. Ashe Inna ta fi shekara tana aika yara su sayo mata saboda gwiwa, safe da dare take sha. Likitan ya gyara zama, ya ce irin wannan maganin yana tayar da hawan jini, yana riƙe ruwa a jiki, yana kuma taɓa ƙoda, balle ga mai suga. Ya ce a daina daga yau. Shekara tara ina kai ta asibiti, kwallar nan ba ta taɓa bin mu ba, ni kaina ban san da ita ba.

A ƙarshe ya ce kumburin zai iya zama daga amlodifin ɗin, don an san shi da kumbura ƙafa, zai iya zama haɗin nan ne, zai kuma iya zama zuciya ko ƙoda, kuma ba zai yanke hukunci ba sai an saurari ƙirjinta an yi gwajin jini da na fitsari. Ya rubuto gwaje-gwajen ya turo, ya ce mu je asibiti mafi kusa cikin kwana biyu.

To tambayata ke nan. Mun biya dubu biyar an ce mana mu je asibiti, abin da na sani tun kafin in biya. Amma kuma an gano abin da ba a taɓa ganowa ba. Ƙanwata na cewa mu mayar da duk ganin likitan Inna ta waya, a huta da Shika. Zuciyata ba ta kwanta ba. Wane ciwo ne ake iya dubawa ta bidiyo, wane ne ba a iyawa? Kuma ƙaramin asibitin unguwarmu, wanda rabona da shiga tun rigakafin autana, yana da wani amfani a wannan sha'anin?

Malamar Asibiti ta rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba Inna lafiya, ya saka maka da alheri bisa ɗawainiya.

Shekarata goma sha shida ina aiki a ƙananan asibitoci, yanzu ina ɗaya daga cikin na wajen gari, don haka tambayarka ta ƙarshe ita zan fara ɗauka, don ta ɗan sosa min rai. Mutane sun ɗauka aikinmu awon ciki ne da allurar yara kawai. Duk abin da likitan nan ya rasa ranar Laraba, muna da shi a kan tebur: abin awon jini na damtse, abin sauraron ƙirji, sikeli, tsinken gwajin suga, da ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari a ga ko ƙoda na zubar da abin da bai kamata ba. Abin da galibinmu ba mu da shi shi ne likita. Shi kuma yana da ilimin amma ba shi da hannu a wurin. Ka ga inda aka kwana.

Tun asali haka aka gina tsarin. Bayan taron lafiya na duniya da aka yi a Alma-Ata a 1978, da zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, da kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa a 1992, manufar ita ce kowa ya samu inda zai fara zuwa kusa da gida, in abin ya fi ƙarfinmu mu tura gaba. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma an daɗe ana aikin ganin kowace mazaɓa ta samu ƙaramin asibiti guda mai aiki sosai. Muna da littafin ƙa'idojin aiki da ya faɗa mana iyakarmu, abin da za mu yi da kanmu da abin da dole mu tura. Mai hawan jini da suga da kumburin ƙafa a shekarun Inna, ba ni zan canja mata magani ba.

Ni kaina ina yin kiran bidiyon, da wayata da datata, ba wani shiri na musamman ba. Akwai wata likita da muka yi aiki tare a da, in abu ya shige min duhu sai in kira ta. Bambancin shi ne kafin in kira na riga na auna komai na rubuta. Ba na cewa “yaron yana numfashi da sauri”, sai in ce watansa takwas, na ƙirga numfashi 58 a minti ɗaya, alhali daga wata 2 zuwa 11 in ya kai 50 ya yi sauri, ga kuma ƙasan ƙirjin yana lotsawa, duba ki gani. Sai in juya mata kyamara. Minti uku mun gama, ta ce a tura shi yanzu. Wata rana kuma ƙuraje ne a jikin yarinya, ta duba ta ce ƙazuwa ce, a yi wa duk 'yan ɗakin magani a wanke kayan shimfiɗa, aka huta da tafiya. Abin fata, da ciwon da ke warkewa ana son a ga yadda yake tafiya, da bayanin sakamakon gwaji, da gyaran magani ga wanda aka riga aka san ciwonsa, waɗannan bidiyo yana yi musu kyau. Zazzaɓi kuwa, ko likitan duniya ne ba zai ga maleriya ta kyamara ba, sai an soki yatsa an ɗiga jini a jira minti goma sha biyar zuwa ashirin.

Game da 168/96 ɗin nan, kada ka riƙe shi da ƙarfi tukuna. Yadda ka ba da labarin, an fito da ita daga ɗaki, mutane sun kewaye ta, tana magana, ƙila ma da goro a bakinta. Ana so mutum ya zauna shiru minti biyar, bayansa a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu daidai tsayin zuciya, rabin awa babu goro babu shayi mai ƙarfi, a auna sau biyu. Daga 140/90 ne ake cewa ya hau, don haka ko an cire hayaniyar ina zaton nata a sama yake, amma a san haƙiƙanin inda yake.

Ka kai ta na unguwarku gobe da safe, ka tafi da kwallar.

Tsohon Ɗan Reluwe ya rubuta:

Ɗana, ni ban yarda da wannan abu ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Jikana ne yake rubuta min wannan, ina faɗa yana dannawa.

Mun yi zamanin da in ka je asibiti likita zai kama hannunka, ya ja fatar idonka ƙasa, ya ce buɗe baki, ya ƙwanƙwasa bayanka kamar mai sayen kankana. Kafin ya rubuta komai ka ji rabin ciwon ya tafi. Ana cewa gani ya kori ji, to a wajen likita taɓawa ta kori gani. Wanda bai ji zafin jikinka a tafin hannunsa ba, me ya sani?

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Yaranmu likitoci suna ta ficewa, wasu Saudiyya wasu Ingila. In muka saba da na waya, gobe sai a ce ai ba sai an kawo likita ƙauye ba, a ba su waya kawai. Talaka a bar shi da hoto, mai kuɗi ya ga mutum. Sannan ka duba mu tsofaffi a Sabon Gari, mu nawa ne ke da babbar waya? Tawa ƙarama ce mai tocila. Wanda ba shi da ɗa kamarka da zai riƙe masa waya fa?

Ka ci gaba da kai mahaifiyarka. Kuɗin keke da ɗinkin da ka rasa, ba asara ba ne, kana tarawa ne a inda ba ya ɓata.

Telan Ƙofar Doka ya rubuta:

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta kai min har zuci. Sai dai abu ɗaya: duk ranar da muka dawo daga Shika, Inna sai ta yi kwana biyu a kwance saboda jijjigar hanya. Ba gudun ɗawainiya nake ba, ita nake tausayi.

Maman 'Yan Biyu ta rubuta:

Malam, ni inda na tsaya a labarinka shi ne gindin darbejiyar nan. Ka ce Inna ta ce “lafiya lau” kana mamaki. To me kake so ta ce? Ga surukai, ga jikoki, ga ɗanta namiji riƙe da waya, ga baƙon namiji a ciki. In da fitsari ne yake ƙona ta, ko tana tashi sau shida da dare, ko wani abu na mata, wallahi ko za ta mutu ba za ta faɗa a wurin ba. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ai ba a tsakar gida ake wankan ba.

Na gwada abin nan bayan na haifi 'yan biyu, a Samaru muke. Ɗinkin da aka yi min yana min ciwo, ga jarirai biyu, fita ta gagare ni. Na nemi mace, aka ba ni mace. Na kulle ɗaki, na sa abin kunne, muka yi magana kusan minti ashirin. Abin da na gaya mata ban taɓa iya gaya wa wani a asibiti ba, don can kana magana na bayanka yana leƙe ta labule. Har kukan da nake yi ba dalili na faɗa mata, ta ce ba ni kaɗai ba ce, yana samun masu jego da yawa kuma ana maganinsa. Amma da ta ce in nuna mata wurin ɗinkin a kyamara, na ce a'a. Ban san inda hoton zai kwana ba. Ba ta matsa ba, ta ce in je a duba ni ido da ido, na je.

Don haka in za ku sake, ka nemi likita mace, ka ba 'yarka babba wayar ko wata da Inna ta saki jiki da ita, ku kori yara, kai ma ka ba su wuri. In sabis ba ya shiga ɗakinta, a nemi wani ɗakin, ko soro a rufe ƙofa.

Likitan Iyali ya rubuta:

Malam tela, sannu da ƙoƙari. Ba zan duba Inna a nan ba, amma zan faɗi abin da na sani game da tsarin.

Abokin aikin nan nawa ya yi daidai, kuma dubu biyar ɗinku ba ta faɗi ƙasa banza ba. Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne wanda zai kalli ƙafa mai lalle a hoto mai yankewa ya rubuto maka maganin fitar da ruwa nan take. Sabon kumburi ga mai hawan jini da suga yana buƙatar kunne a ƙirji da gwajin ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, cewa ta yi duba marar lafiya daga nesa ƙari ne a kan zuwa asibiti, ba madadinsa ba. Wannan ya amsa shawarar ƙanwarka, ya kuma taɓo fargabar Baba, wadda ni ma ina da ita.

Lokacin korona a 2020, da aka rufe Kaduna, da yawanmu mun koma duba mutane ta waya dole. Abin da na lura shi ne mafi yawan abin da nake buƙata kunne ne ya ba ni, ba ido ba. A Ingila ma, inda intanet ba ya yankewa kamar namu, likitocin unguwa sun fi yin kiran murya nesa ba kusa ba, bidiyo ɗan kaɗan ne. Saboda haka in hoton yana daskarewa, a kashe kyamara a yi magana, abin da ake son gani a ɗauke shi hoto a waje cikin hasken rana a tura. Hoto tsayayye ya fi bidiyo mai rawa fitowa. Inda bidiyo ya yi fice shi ne irin abin da ya faru da ku: yana shiga gida. Ina iya ganin kwalla, da yadda tsohuwa ke miƙewa daga tabarma, da wanda ke ba ta magani.

Akwai abubuwan da ba a tsayawa neman sabis a kansu. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta harɗe, ciwon ƙirji, numfashi ya gagara musamman in an kwanta, suma ko ruɗewa, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko awo ya kai 180/120 tare da ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi. Waɗannan a nemi abin hawa, a nufi babban asibiti mafi kusa. Ku da ke cikin gari ga asibitin Gambo Sawaba nan a Ƙofar Gayan.

Sai ka san wa kake magana da shi. Duk likitan gaskiya a Najeriya yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, yana kuma sabunta lasisinsa duk shekara. Ka tambayi cikakken sunansa da lambar rajistarsa, na ƙwarai ba zai ji haushi ba. Farar riga a kyamara kowa na iya sawa. Abin da Maman 'Yan Biyu ta ji tsoro ma yana kan hanya: akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma bayanin lafiya yana cikin waɗanda ta fi tsaurarawa a kai, amma hoto in ya fita ya fita. Kana da ikon tambaya ko ana naɗar kiran.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi ba mu wahala: likitan waya bai ga fayil ɗinta na Shika ba, na Shika kuma ba zai san abin da aka yi a waya ba. Ka sayi littafi mai sittin, duk awo da kwanan wata, duk maganin da aka ƙara ko aka cire da wanda ya ce a yi, a rubuta. Kada kuma a tsayar da amlodifin ɗin da ka, sai likita ya ce.

Telan Ƙofar Doka ya rubuta:

Jama'a na dawo da bayani, Allah ya saka wa kowa.

Na bi maganar Malama. Ranar Litinin da safe muka je na unguwarmu, tafiyar da ba ta kai minti goma a keke ba, kunya ma ta kama ni. Muka tarar da masu awon ciki cike da benci, aka ce a bar tsohuwa ta fara shiga. Malamar da ke wurin ta zaunar da ita ta ƙyale ta ta huta, sannan ta auna sau biyu: 154/90, sai 150/88. Kwana biyar ke nan da daina haɗin. Ta soki yatsa, ta karɓi fitsari, ta ɗora ta a sikeli, ta sa abin sauraro a bayanta.

Sai ta ce a cire silifas. Ta zauna a ɗan kujera ta ɗora ƙafar Inna a cinyarta, tana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, a ƙarƙashin lallen, akwai wani ɗan rauni kamar ƙwayar wake, ya yi fari ya jiƙe. Ta danna gefensa ta ce, “Inna, da zafi?” Inna ta ce ita ba ta ma san da shi ba. Malamar ta ɗago ta kalle ni, ta ce haka suga yake yi, yana kashe jin ƙafa, kuma irin wannan ɗan abin ne in aka bar shi yake zama babba. Ni da na riƙe waya a kan ƙafar nan ina dannawa, ban gan shi ba, likitan ma bai gan shi ba.

Ta wanke ta rufe, ta ce a dawo jibi. Gwajin ƙodar ba sa yi a wurin, mun je mun yi a waje. Da sakamakon ya fito sai na roƙe ta ko za ta yarda mu kira likitan nan daga ɗakinta. Ta ce in dai bayan azahar ne, mutane sun ragu. Haka aka yi. Na ba babbar 'yata wayar na fita na zauna a bakin baranda, kamar yadda Maman 'Yan Biyu ta ce. Mace ba ta samu ba a ranar, shi ɗin dai aka ba mu, amma ina jiyo muryar Inna ta taga tana ta zuba, har da dariya. Abin da suka tattauna ban tambaya ba. 'Yata dai ta ce malamar ce ta karanta masa lambobi, shi kuma ya yi ta tambaya.

Ya ce ƙodar ba ta yi muni ba amma a sa ido, ya ce kada a fasa zuwa Shika ranar da aka ba ta, a tafi da sakamakon da littafin, su ne za su duba batun canja maganin. Saura kwana goma sha ɗaya, na riga na yi magana da mai keke. Ƙanwata ta ce za ta aiko da abin awo na damtse. Kwallar kuwa na kwashe ƙulle-ƙullen na mayar mata da ita, yanzu goro take ajiyewa a ciki, shi ma malamar ta ce a rage.

Baba Ɗan Reluwe, Inna ta ce a gaishe ka, na karanta mata abin da ka rubuta ta ce kai ne mai gaskiya. Amma jiya ita ce take tambayata yaushe za a sake kiran “yaron nan mai gilashi”, wai ta manta ba ta gaya masa zancen kafaɗarta ba.

Malama, tambaya ɗaya ta rage: lallen nan, a hana ta gaba ɗaya ne, ko a bari raunin ya warke tukuna? Akwai wani bikin bayan salla, kuma na san rigimar da za a sha.